Yadda Ake Ɗanɗana Shayi Mai Ƙarfi a Ba Shi Maki: Matakai Goma Sha Biyu

A Wurno da Rabah da Goronyo shayi iri biyu ne. Akwai na teburin mai shayi, haɗin kauri da madara da burodi, ko ruwan bunu ga wanda aljihunsa bai kai ba. Akwai kuma wanda muka koya wurin Buzaye: ganye cikin 'yar buta, buta bisa garwashi, a dafa shi har ya yi duhu, a yi ta ɗaga hannu ana zubawa har kumfa ta tsaya, a sha shi zagaye uku a ƙananan kofunan gilashi. Wannan na biyun shi ne abokin mai ban ruwan albasa a fadamar Wurno cikin sanyin hunturu, da masunci a bakin madatsar Goronyo, da samarin majalisa bayan la'asar. A kansa za mu yi magana.

Shayin nan baƙo ne da ya zama ɗan gida. Zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, goron Gwanja ake miƙa wa baƙo, shi ake taunawa don wartsakewa. Koren shayin ƙasar Sin ya bazu a Maroko cikin ƙarni na 19, daga can ayarin raƙuma suka ratsa Sahara da shi tare da curin sukari, har ya shiga jinin mutanen hamada. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, da na 1984, ya koro Buzaye da yawa zuwa garuruwan Hausa neman abin kai wa baka, kowa da butarsa a jaka. A gindin butocin nan ne da yawa daga cikinmu suka fara kurɓa.

Abin da ke damuna shi ne duk yabon da muke yi wa shayi ya tsaya ga magana ɗaya: “Ya yi ƙarfi.” Ƙarfi kuwa ba ya da wuyar samu. Kowa ya cika ganye ya bar buta kan wuta zai same shi, ko da ganyen ya shekara biyu a shago. Kyau shi ne mai wuya, don sai ganye da ruwa da wuta da hannun mai dafawa sun haɗa kai. Matakan da ke tafe hanya ce ta rarrabe waɗannan abubuwa huɗu, a san wanda ya gyara da wanda ya ɓata, a ba kowane shayi makin da ya cancanta. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci da abokan zama, ka shirya bakinka

Hantsi ya fi, ko tsakanin la'asar da magariba, don ana buƙatar hasken rana wajen duba launi. Kada a zauna da yunwa, shayi mai ƙarfi yana murɗa cikin da babu komai. Kada kuma a zauna daga tashi kan tuwo da miya mai yaji. A bar kamar awa guda.

Mutum uku zuwa biyar sun isa. Kafin zama, kowa ya haƙura da goro da taba da alewa da ɗanyar albasa, ya wanke hannu da ruwa zalla, kada ya shafa turare. Mai mura ya zauna ya sha, amma kada a lissafa makinsa, don hancinsa a toshe yake, kuma galibin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke gane shi.

A ware mutum ɗaya wanda ba zai ba da maki ba. Shi zai juye ganye daga kwalaye, ya sa musu lamba 1, 2, 3, ya ɓoye kwalayen. Mutum in ya ga sunan ganyen da ya saba saye, harshensa kan bi idonsa.

Mataki na 2: Tanadi kaya

Za a buƙaci:

- butoci iri ɗaya, girma ɗaya, kowane ganye da tasa. A leƙa cikinsu, wadda fentinta ya ɓare har tsatsa ta fito a ajiye ta
- ƙananan kofunan gilashi farare tas, marasa zane
- fararen kofunan tangaran, da murfi ko ɗan faranti na rufewa
- farin faranti ko farar takarda
- gawayi busasshe da murhun waya
- sukari da cokalin shayi guda ɗaya na awo
- ruwan kurkure baki da burodi marar zaƙi
- agogo, na waya ma ya isa
- takarda da biro ga kowa, a rubuta da boko ko da ajami

Kofuna su wanku sarai, a ɗauraye su da ruwan zafi. Ɗigon maiƙo ɗaya yana kashe kumfa, ragowar sabulu kuma yana shiga ɗanɗano. Kada ganye ya wuce iri uku a zama ɗaya.

Mataki na 3: Duba busasshen ganye

Koren shayi da baƙin shayi itace ɗaya ne. Bambancin a sarrafawa yake: kore ana ba shi zafi da zarar an tsinko shi don kada ya rine, baƙi kuwa ana murza shi a bar iska ta yi aikinta har ya yi duhu. Baƙin shi ne na cikin 'yar jakar Lipton, shi ne kuma Highland Tea da ake nomawa a Kakara bisa tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, wadda ke ɗauke da sunan sarautar ɗan Rabah, Sa Ahmadu Bello. Na butarmu kore ne daga Sin, dahuwa ce ke mai da ruwansa duhu.

Iri biyu aka fi gani a kasuwa, ko a Achida ne ko a Sakkwato. Akwai dunƙulalle ƙwaya-ƙwaya, wanda lardin Zhejiang ya yi suna da shi, akan ga lamba 3505 a kwalinsa. Akwai kuma siriri mai ɗan lanƙwasa, mai lambobi irin su 41022 da 4011 da 9371. Lambar tana nuna ajin da kamfani ya ce ganyen yake, amma idonka ne alƙali.

Zuba cokali ɗaya bisa farin faranti, ka baza da yatsa. Dunƙulallen ganye mai kyau ƙwayarsa ƙanana ce, a matse, girma kusan ɗaya, da ɗan sheƙi. In ka ga ƙwaya manya a sake, launi ya koɗe ya koma toka-toka ko rawaya, ga tsinke ga gari a gindin faranti, ka san ko dai aji ne na ƙasa ko ya tsufa. Murza 'yan ƙwayoyi tsakanin yatsu: busasshe ƙarau yakan farfashe, wanda ya sha laima yakan lotsa.

Sai ka dunƙule ganyen a tafin hannu na ɗan lokaci ya ji ɗumi, ka buɗe ka shinshina. Ganyen shayi yana zuƙe duk warin da ke kusa da shi. A ƙasar albasa da tafarnuwa irin tamu wannan babbar jarrabawa ce, don kwali in ya kwana kusa da buhun tafarnuwa, ko sabulu, ko galan na fetur, ya ɗauka ke nan, kuma babu dahuwar da za ta fitar. Wanda ya raba ganyen ya duba ranar ƙarewar aiki a kwali, da lambar NAFDAC in akwai, ya rubuta a takardarsa.

Mataki na 4: Gwada ruwa shi kaɗai

Kusan duk abin da ke cikin kofi ruwa ne, don haka ruwa marar kyau yakan sa a zargi ganye a banza. Ruwan yankinmu kuma ba ɗaya ba ne. Akwai na rijiya, akwai na burtsatse, akwai na Gulbin Rima da aka datse a Goronyo a 1984, akwai na gulbin da ya ratsa ta Rabah, ga kuma na leda. Da damina ruwan gulbi yakan yi laka. Wata rijiyar tana da zartsi, wata burtsatsen kuma ruwanta na da ƙarfe, za ka ga jan tabo a gindin bokiti.

Kowa ya kurɓi ruwan da za a yi aiki da shi, ɗanye da kuma bayan ya tafasa ya huce. Ruwa mai ƙarfe yana mai da shayi baƙi mai toka-toka, don sinadarin da ke kawo bauri a ganye yana haɗuwa da ƙarfen. Ruwa mai zartsi yana danne ƙamshi, ya bar wata yana-yana a saman kofi. Ruwan famfo mai warin magani a bar shi ya kwana a buɗe. Duk wanda aka zaɓa, da shi za a dafa dukkan ganyayen, daga mazubi ɗaya.

Mataki na 5: Yi jiƙon gwaji, babu sukari

Wannan mataki ne mutane ke tsallakewa, alhali nan ne ganye ke faɗin gaskiyarsa. Masu ɗanɗana shayi na sana'a, irin waɗanda ke tantance ganye kafin gwanjon Mombasa a Kenya, jiƙa shi suke yi da awo ɗaya kullum. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 3103 a 1980: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a farin tangaran mai murfi, minti 6.

Mu ma za mu iya. Cokalin shayi ɗaya a shafe na kowane ganye, a kofin tangaran nasa, ruwa daidai wa daida, a rufe, a duba agogo. Minti shida na cika a tsiyaye ruwan cikin wani kofi, a bar ganyen. A fara shinshina murfin da jiƙaƙƙen ganyen, sannan kowa ya ɗiba da cokalinsa ya kurɓa.

Zai yi ɗaci, haka ake so. Abin da ake nema shi ne me ke bayan ɗacin. Akwai ƙamshin ɗanyen ganye da ɗan garɗi? Ko warin rumbu ne da ƙura? Ganyen da ya faɗi a nan, sukari zai rufa masa asiri a buta, amma ba zai gyara shi ba.

Mataki na 6: Dafa zagayen farko da awo ɗaya

Hura gawayi tun da wuri, a bari ya kama sosai, hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi ja da farar toka a kai. Gawayin ƙirya ya fi riƙe wuta. Kada a hura da leda ko kananzir, warinsu yana bin buta.

Awon da nake ba da shawara don gwaji shi ne giram 25 na ganye, wato ƙaramin kwali guda, ga kofi shida na ruwa. A zuba wa ganyen ɗan ruwan zafi, a girgiza sau biyu a zubar, don ƙura ta fita. A zuba ruwan awo, a ɗora. Daga lokacin da ya fara tafasa a ƙirga minti goma a wuta mai sauƙi, yana ɓararraka a hankali ba tare da ya yi bori ba. A sauke, a zuba sukari cokali huɗu.

Sai juyi. A zuba daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, hannu na ɗagawa sama a hankali. Juyin nan yana narkar da sukari, yana sa shayi ya sha iska ya ɗan huce, yana kuma tara kumfa. A ƙirga shi, kowace buta ta samu adadi ɗaya. A mai da buta kan wuta ta ɗan yi zafi, sannan a raba rabin kofi ga kowa, a fara daga dama. A zagayen farko kada a sa na'a-na'a ko citta ko kanumfari. Mutum ɗaya ne zai dafa duka, in dai ganye ake gwadawa. In kuwa hannun masu dafawa ake gwadawa, sai a ba kowa ganye ɗaya da ruwa ɗaya.

Mataki na 7: Duba launi da kumfa

Ɗaga kofi ta gefen haske, ka sa farar takarda a bayansa. Zagayen farko mai kyau ja ne mai duhu, haske na ratsa shi ta gefe-gefe. Wanda ya yi baƙi ƙirin babu sheƙi ko dai ya wuce wuta ko ruwa da buta sun ba shi ƙarfe. Wanda ya yi rawaya fayau bai dahu ba, ko ganyen ba ya da jiki. Leƙa gindin kofi, gari da yawa a ƙasa alamar ɓarɓashin ganye ce. Amma in shayi ya ɗan yi gajimare bayan ya huce, kada a rage masa maki, haka mai ƙarfi yake yi.

Kumfa kuwa a duba ƙwayarta. Mai kyau ƙanana ce, a cunkushe, fara mai ɗan ja, tana zaune har a shanye shayin a bar ta a gindin kofi. Mai manyan idanu da ke fashewa kafin tire ya zagayo ta nuna gaggawar mai juyi ko kofi mai maiƙo. Kumfa shaidar hannu ce fiye da ganye, don haka makinta kaɗan ne.

Mataki na 8: Shinshina

Kawo kofi kusa da hanci, ka ja numfashi gajere sau biyu ko uku, ka kau da kai ka fitar. Kada ka hura cikin kofi. Ka tambayi kanka abu biyu: me ke nan da ya kamata, me ke nan da bai kamata ba?

Abin da ya kamata shi ne ƙamshin ganye da garɗi irin na abin da aka gasa, wani lokaci da ɗan hayaƙi mai laushi wanda dunƙulallen ganye ke zuwa da shi tun daga masana'anta. Abin da bai kamata ba kuwa kowanne da mai laifinsa. Ƙauri na nufin ruwa ya ƙafe ganye ya kama gindin buta, ko sukari ya ƙone. Hayaƙi mai yaji a hanci daga gawayin da bai kama ba ne. Warin laima daga ajiya ne. Ƙarni daga kofin da aka sha madara da shi ne. Rubuta abin da ka ji nan take, kafin wani ya yi magana.

Mataki na 9: Kurɓa

Yi bisimilla, ka ɗauka da dama. Bari ya huce har leɓe ya iya jure shi, harshen da ya ƙone ba ya shaida. Kurɓi kaɗan tare da jan iska har ya yi ƙara, don shayin ya watsu ko'ina a baki, ƙamshinsa ya hau hanci ta baya. Riƙe shi ɗan lokaci, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Kurɓar farko ta share hanya ce, ta biyu da ta uku su ake rubutawa.

Abu biyar ake bi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ɗaci. Dole ne a same shi a zagayen farko, shayin da ba ya da shi lami ne. Ɗaci mai kyau yana zuwa da ƙarfi, ya tsaya ɗan lokaci, ya janye. Marar kyau yana maƙalewa a gindin harshe har sai an nemi ruwa.

Na biyu bauri. Shi wannan ji ne a fatar baki: sinadarin ganye yana kama yawu, baki ya bushe, harshe ya yi kaushi. Kaɗan daga cikinsa yana ba shayi ƙashi. In ya yi yawa har dasashi ya ɗaure, maƙogwaro ya yi maƙaƙi, to an daɗe kan wuta ko ganyen tsofaffi ne da tsinke.

Na uku zaƙi. Aikin sukari shi ne ya riƙe wa ɗaci linzami. In ka kurɓa zaƙi ne ya fara tarbarka, shi ya raka ka, leɓe na danƙo, to sukari ya hau kan shayi.

Na huɗu jiki. Juya shi da harshe. Yana da nauyi a baki, ko tsululu yake? Shayi na iya yin duhu da ɗaci amma ya rasa jiki, wannan shi ne halin ganye mai arha da aka matsa wa wuta.

Na biyar, wanda ya fi duka, abin da ya bari. Ajiye kofi ka jira minti ɗaya ba ka ce komai ba, sannan ka kurɓi ruwa. Wanda ya taɓa cin goro mai kyau ya kora da ruwa ya san yadda ruwan ke komawa da zaƙi a baki. Shayi na ƙwarai haka yake yi: ɗacin ya tafi, yawu ya dawo, wani zaƙi wanda ba na sukari ba ya taso daga maƙogwaro. In abin da ya rage tsami ne, ko ɗanɗanon ƙarfe, ko bushewar baki, ka rubuta shi komai ƙarfin shayin.

Kafin ka koma kan lamba ta gaba, kurkure baki, ka ɗan gutsiri burodi, ka sake kurkurewa.

Mataki na 10: Bi shi zuwa zagaye na biyu da na uku

Ba a yanke wa shayi hukunci a kofin farko. A ƙara ruwa kan ganyen nan dai, awo ɗaya, a dafa minti goma sha biyu zuwa sha biyar, sukari awo ɗaya ga kowace buta. A na biyu ɗaci yakan sauka, ƙamshin ganye ya fito fili, kuma sau da yawa nan ne ganye mai kyau ke nuna kansa. A na uku za a iya sa na'a-na'a, reshe ɗaya ga kowace buta. Tambayar ita ce, har yanzu ana jin shayi a ƙarƙashin zaƙin, ko ruwan sukari ne mai launi?

In an gama, juye ganyen kowace buta bisa farin faranti, ka baza. Mai kyau zai warware ya zama ganye sosai, wasu cikakku wasu rabi, masu laushi, launi kusan ɗaya. Marar kyau zai zama dusa da tsinke da jajayen ɓarɓashi. Faranti ba ya ƙarya, kuma sau da yawa zai gaskata abin da harshe ya riga ya faɗa.

Mataki na 11: Ba da maki

Ga rabon da nake ganin ya yi adalci, bisa ɗari:

- busasshen ganye da wanda ya rage a faranti: 10
- jiƙon gwaji: 15
- launi: 5
- kumfa: 5
- ƙamshi: 15
- daidaiton ɗaci da bauri da zaƙi: 20
- jiki: 10
- abin da ya bari a baki: 10
- juriya zuwa zagaye na uku: 10

Za a lura ƙarfi ba ya da gurbi nasa. A rubuta shi a gefe, mai sauƙi ko matsakaici ko mai tsanani, don bayani ne ga mai saye, wani na son wannan wani na son wancan. Kowa ya rubuta makinsa shi kaɗai, da kalma biyu ko uku na dalili a gaban kowane layi. A tara, a raba da yawan masu ɗanɗanawa. Daga 80 zuwa sama ganye ne na baƙo mai daraja. Daga 65 zuwa 79 na yau da kullum ne, ba abin kunya. Daga 50 zuwa 64 sai in babu wani. Ƙasa da haka a bar wa mai shago abinsa. Shayin da aka ji warin fetur ko ruɓa a cikinsa ba a ba shi maki ko kaɗan, zubarwa ake yi. Sai an gama lissafi ake fito da kwalaye, a kuma dubi kuɗin kowanne.

Mataki na 12: Faɗi hukunci da ladabi

Ƙarami ya fara karanta makinsa, babba ya rufe. In dattijo ya riga ya ce, “Wanga na biyu shi ad da kyau,” babu yaron da zai buɗe baki ya ce na uku. In an saɓa sosai a kan wani shayi, a sake kurɓa tare, kowa ya nuna inda ya ji abin da ya ji.

A kuma san wurin da hukunci ya dace. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Don haka shayin da aka miƙo maka a zauren mutum ko a bakin gona kyauta ce, amsarta “Sannu da aiki, Allah shi yi albarka.” Zaman gwaji daban ne, an shirya shi da yardar kowa don a koya, a kuma san abin da za a kashe wa kuɗi. Ko a nan ma a ɗora laifi kan abin da ya jawo shi. Maimakon “shayinka bai yi ba,” a ce, “Kawu, kamar wuta ta ɗan yi mai yawa,” ko “Malam, ruwan ga na da zartsi, mu gwada na randa.” Mai dafawa zai karɓi wannan, gobe ya gyara.

Kula da lafiya

Busasshen ganyen shayi na ɗauke da kafeyin kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Ke nan ƙaramin kwali na giram 25 na iya ɗaukar miligiram 500 ko fiye, kuma dahuwa uku tana fitar da galibinsa. Hukumomin lafiyar abinci na Turai da Amurka sun sa miligiram 400 a yini a matsayin iyaka ga babba mai lafiya, mai juna biyu kuma ana ba ta shawarar kada ta wuce 200. Dalilin rabin kofi ke nan a zaman gwaji. Wanda ya ji bugun zuciya ko rawar hannu ya dakata. Mai hawan jini da mai gyambon ciki su nemi shawarar likita.

Sukari ma abin lura ne. Cokalin shayi ɗaya kimanin giram 4 ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a 2015 cewa babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Mai ciwon sukari ya tsaya ga jiƙon gwaji. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta yi gargaɗi kan yawan shan abin da zafinsa ya haura digiri 65, saboda illarsa ga maƙoshi. Shayi kuma yana rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai ƙarancin jini ya raba shi da lokacin cin tuwo. Butar da aka jefa wa ƙwaya ko wani haɗi na gusar da hankali kuwa ta fita daga sahun shayi, kada a zauna gabanta.

A ajiye takardun makin, da kwanan wata da irin ruwan da aka yi aiki da shi. A sake gwada ganyen da ya ci da hunturu in damina ta sauka, don laima na canza shi. Bayan zama kaɗan majalisa za ta san ganyenta da rijiyarta da mintocinta, ta daina asarar kuɗi a kan kwali mai ado. Mai shago kuma in ya ga masu sayensa suna baza ganye a tafin hannu suna shinshinawa kafin su biya, da kansa zai ɗauke kwalayen daga kusa da sabulu, ya nemo sabon kaya.